Kamfanin Ya Mutu, Wasan Na Nan: Tarihin Masu Ƙera Yaƙin Sararin Samaniya Da Hannunsu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da waɗanda suka fi son karatu a natse.

Yau tarihi za mu taɓa, kuma bari in fara da lissafi guda biyu. A shekarar 2013 an sayar da ragowar haƙƙin mallakar wani wasan kwamfuta mai suna FreeSpace a kan dala 7,500 kacal. A watan Agusta na 2023 kuma aka rufe Volition, kamfanin da ya ƙera wasan, bayan shekara 30 da kafuwarsa. A ƙa'idar kasuwa, wannan wasa ya daɗe da zama gawa. Amma har yau da nake wannan magana, akwai mutanen da ke zaune a ɗakunansu suna ƙera masa sabbin yaƙe-yaƙe, suna rabawa kyauta, ba wanda ya ɗauke su aiki. Yaya aka yi haka? Abin da za mu bi ke nan. A ƙarshe kuma zan faɗi dalilin da ya sa nake ganin labarin ya shafi matasanmu na gabashin Sakkwato, musamman 'yan Wurno da Rabah da Goronyo.

Da farko dai, wane irin wasa ne wannan? Kai ne matuƙin ƙaramin jirgin yaƙi a sararin samaniya. Kana zaune a kujerar matuƙi, gabanka akwai na'urar da ke nuna maka inda abokan gaba suke, akwai ma'aunin wutar jirginka. Wutar nan kai za ka raba ta: nawa za ka ba inji don gudu, nawa za ka ba bindiga, nawa za ka ba garkuwa. In ka cika wa bindiga, gudunka ya ragu. In ka cika wa inji, harbi kaɗan zai huda ka. Kowace fita guda da za ka yi, daga lokacin da kwamanda ya yi maka bayani har ka dawo, ita ake kira mishan. In aka jera mishan da yawa suka ba da labari ɗaya, Turawa na ce masa kamfen, amma ba irin na 'yan siyasa ba, don haka ni zan riƙa cewa jerin mishan. Maganarmu ta yau a kan mishan ɗin mutum ɗaya ce, kai kaɗai da kwamfuta, wanda kuma ɗan wasa irinka ne ya ƙera shi.

Mu koma 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, lokacin Sardauna, ɗan garin Rabah, yana Firimiyan Arewa. A wannan shekara, a jami'ar MIT ta Amurka, wani matashi mai suna Steve Russell da abokansa suka kammala wasan Spacewar! a kan wata kwamfuta mai suna PDP-1, wadda girmanta ya kai na manyan firij. Jirage biyu ne ke harbin juna a kan allo. Abin lura shi ne, tun wasan bai gama bushewa ba abokai suka fara sa masa hannu. Peter Samson ya ga taurarin da aka watsa a baya ba su yi kama da na gaskiya ba, sai ya zauna ya shigar da taswirar taurari ta ainihi. Dan Edwards ya sa wata babbar tauraruwa a tsakiya mai jawo jirage zuwa gare ta. Martin Graetz ya ƙara dabarar ɓacewa, jirgi ya ɓace nan ya ɓulla can. Ba a sayar da wasan ba, kwafa aka riƙa yi daga wannan jami'a zuwa waccan. Kun ga ke nan, tun ranar suna, wasan yaƙin samaniya ɗan gayya ne.

Da kwamfuta ta shiga gidaje, kasuwa ta shigo. A 1984, shekarar da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo, wasu ɗalibai biyu a jami'ar Kambirij ta Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite. Sun cusa duniyoyi sama da 2,000 a cikin kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta kai girman hoto ɗaya na wayarku ba. A 1990 Chris Roberts ya fitar da Wing Commander a kamfanin Origin, inda aka haɗa tuƙin jirgi da labari irin na fim: in ka faɗi mishan, labarin ya karkata wata hanya, yaƙin ya fara juya muku baya. Sai kamfanin LucasArts ya shigo da X-Wing a 1993 da TIE Fighter a 1994, duka a duniyar finafinan Star Wars, ƙarƙashin jagorancin Lawrence Holland. Kuɗi ya yi ta zuba. Wing Commander na uku, a 1994, har da Mark Hamill, jarumin Star Wars, aka ɗauka ya fito a ciki.

To amma akwai matsala ɗaya da duk mai buga gem ya sani. Wasa na ƙarewa. Ka yi wata guda kana fama, ka cinye mishan na ƙarshe, sunayen ma'aikata suka hau allo, shi ke nan. Hannunka ya ƙware, amma babu sauran inda za ka gwada shi. X-Wing da TIE Fighter ba su zo da wata manhaja ta ƙera sabon mishan ba. Sai wasu masu naci suka fara buɗe fayilolin wasan, waɗanda lambobi ne zalla, suna canza lamba ɗaya su kunna wasa su ga me ya canza. Wannan lamba ita ce yawan jirage, waccan ita ce lokacin da za su iso. Da haka, sannu a hankali, suka gano tsarin fayil ɗin, suka rubuta nasu manhajojin ƙira suka raba wa jama'a.

Daga nan ƙungiyoyi suka taso. Wadda ta fi shahara ita ce Emperor's Hammer, da ta faro a tsakiyar shekarun 1990. Sun tsara kansu kamar rundunar soja, da muƙamai da lambobin yabo. Wani memba zai ƙera mishan, a duba shi, a saka a rumbun ƙungiya. Kai kuma ka sauke, ka buga kai kaɗai a gida, ka aika fayil ɗin matuƙinka a ga makin da ka ci, a ba ka lada. Wato kowa shi kaɗai yake yaƙinsa, amma a cikin jama'a yake. Ku tuna, zamanin da intanet ke bi ta wayar tarho ne, tana tafiyar hawainiya. Fayil ɗin mishan kuwa ɗan mitsitsi ne, shi ya sa abin ya yiwu.

A 1997 kamfanin LucasArts ya yi wani gwaji da ya koya wa kowa darasi. Ya fitar da X-Wing vs. TIE Fighter, wanda aka gina don mutane su kara da juna ta intanet, ba tare da dogon labari na mutum ɗaya ba. Masu saye suka yi ta ƙorafi. Kafin shekarar ta fita, sai da aka fitar da ƙari mai suna Balance of Power, aka dawo da jerin mishan masu labari. Ashe harbin ba shi kaɗai mutane ke nema ba, suna son su san dalilin da ya sa suke harbin.

Yanzu mun iso kan gwarzon shirin. A 1998, kamfanin Volition da ke garin Champaign a jihar Ilinoi ta Amurka ya fitar da FreeSpace na farko, kamfanin Interplay ne ya yi dillancinsa. Labarin: 'yan Adam sun shekara 14 suna yaƙi da wata al'umma mai suna Vasudan, sai ga wasu baƙi da ake kira Shivan sun ɓullo, ba sa magana, ba sa sulhu, kowa suke kashewa. Dole abokan gaba biyu suka haɗa kai. Wasan ya yi kyau, amma abin da ya canza tarihi wani abu ne da aka saka a gefe cikin faifan: manhaja mai suna FRED, wadda ma'aikatan kamfanin da kansu suka yi amfani da ita wajen ƙera mishan ɗin wasan. Kamar maƙeri ne ya sayar maka da fartanya, sannan ya haɗa maka da uwar maƙera da zugazugi. Bai tsaya nan ba, kamfanin ya nemi 'yan wasa su aiko da abin da suka ƙera, aka zaɓi waɗanda suka fi kyau aka saka su cikin ƙarin wasan mai suna Silent Threat da ya fito a wannan shekarar.

Bari in ɗan kwatanta muku yadda ake aiki da FRED, don kada ku ɗauka tsafi ne. Za ka buɗe ka ga fili baƙi da layuka. Ka danna ka ajiye jirgi, ka ba shi suna, ka ce namu ne ko na abokan gaba. Ka haɗa ƙananan jirage huɗu su zama tawaga, ka ba su umarni: ku tsare wancan, ko ku kai wa wancan hari. Ka zana hanyar da babban jirgi zai bi, zango bayan zango. Sannan sai zuciyar aikin, wato sharuɗɗa. Duk mishan a kan "idan kaza, to kaza" yake tafiya. Idan aka harbo tawagar farko, to bayan daƙiƙa 20 ta biyu ta iso. Idan lafiyar jirgin kaya ta sauka ƙasa da rabi, to matuƙinsa ya yi kururuwar neman agaji. Idan jirage uku cikin biyar suka tsira, to an ci nasara. Daga nan ka rubuta bayanin da kwamanda zai yi kafin a fita, da abin da zai faɗa bayan an dawo, na yabo daban, na faɗa daban.

Wahalar ba a ajiye jirage take ba, a hango halin ɗan Adam take. Kai ka tsara cewa wani jirgin abokan gaba zai gudu a minti na biyar don labari ya ci gaba, sai wani gwani ya zo ya harbo shi a minti na biyu. In ba ka yi tanadin haka ba, mishan ya tsaya cik, ɗan wasa na ta yawo a fili ba abin da ke faruwa. Shi ya sa masu ƙira ke cewa gwaji ya fi ƙira cin lokaci. Akwai ma wata cuta ta sababbin shiga da suka raɗa wa suna ciwon yaƙin Endor, daga wani babban yaƙi a fim ɗin Star Wars. Sabon maƙeri zai cika fili da manyan jirage barkatai don abin ya burge, sai ya zama ɗan wasa ba shi da wani tasiri, ko ya yi harbi ko ya naɗe hannu sakamako ɗaya ne. Mishan mai kyau shi ne wanda ƙaramin jirginka ke iya sauya yadda rana za ta ƙare.

A ƙarshen watan Satumba na 1999 FreeSpace 2 ya fito. Masu sharhi suka yaba masa ƙwarai, har yau da yawa na cewa ba a yi kamarsa ba a wannan fanni. Amma a kasuwa bai tafi ba. Zamani ya riga ya juya. Irin waɗannan wasanni sun fi daɗi da sandar tuƙi, wadda sai ka saya daban, ga maɓallai da yawa da sai ka haddace. Jama'a kuwa sun koma wasannin harbi na ƙasa da linzamin kwamfuta kaɗai ya isa, wasu kuma sun koma PlayStation. X-Wing Alliance, wanda shi ma a 1999 ya fito, ya zama na ƙarshe a jerinsa. Kamfanin THQ ya saye Volition a 2000, haƙƙin FreeSpace kuma ya maƙale a hannun Interplay, wanda shi ma ya faɗa matsalar kuɗi. A 2004 aka rufe Origin, masu Wing Commander. Masu ƙira na gefe guda, masu haƙƙi na wani gefen, FreeSpace na uku bai taɓa fitowa ba.

Abin da ya ƙara wa masoya ƙaiƙayi shi ne yadda labarin ya tsaya. A ƙarshen FreeSpace 2, Shivan sun taru sun kewaye tauraruwar Capella, ana ta kwashe fararen hula, sai tauraruwar ta fashe. Ba a faɗi dalilinsu ba. Ba a faɗi abin da ya sami duniyarmu ba, wadda hanyar zuwa gare ta ta toshe tun a wasa na farko. Kamar mai tatsuniya ne ya kai daidai inda Gizo ya shiga tarko, sai ya tashi ya tafi bai ce ƙurunƙus ba.

Sai ranar 25 ga Afrilu, 2002. Wani injiniyan Volition, Dave Baranec, ya saki asalin rubutun injin FreeSpace 2 ga jama'a, bisa sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi. Da FRED kana iya ƙera sabon yaƙi, amma da wannan kana iya gyara injin kansa. Masoya da ke taruwa a zauren intanet mai suna Hard Light Productions suka kafa aikin gayya a kai, abin da ya haifar da FreeSpace Open. Suka gyara kurakurai, suka sabunta hotuna, suka sa wasan ya yi aiki a Linux da Mac, suka ƙara sababbin sharuɗɗa a FRED da ma'aikatan asali ba su taɓa tunaninsu ba. Har makaranta suka buɗe a zauren, inda tsofaffin hannu ke duba aikin sababbi suna yi musu gyara.

Me ya fito daga ciki? Akwai Derelict, dogon jerin mishan da ya ɗora daga bayan faɗuwar Capella. Akwai Silent Threat: Reborn na 2008, inda masoya suka ga ƙarin da kamfani ya yi a 1998 bai gamsar ba, suka sake shi daga tushe. Akwai Blue Planet, kashi na farko a 2007, na biyu mai suna War in Heaven a 2010. A 2012 abubuwa biyu suka fito a kan wannan inji, kuma kowanne na tsaye da ƙafarsa, kyauta: Wing Commander Saga, mai mishan sama da 50, da aka yi kusan shekara 10 ana ƙerawa, da Diaspora, na duniyar shirin talabijin ɗin Battlestar Galactica. Ku duba abin mamaki, masoyan Wing Commander da kamfaninsu ya mutu, injin abokin hamayya suka ara suka tayar da nasu. A ɓangaren Star Wars ma, a 2021 masoya suka fitar da TIE Fighter Total Conversion, suka sake gina wasan 1994 a cikin injin X-Wing Alliance. Shi ma Elite, tun 2004 wani mai suna Giles Williams ya yi masa sabon jini mai suna Oolite, wanda jama'a suka cika da ƙare-ƙare nasu.

To, mu dawo gida. Wani zai ce, malam, mu da ke fama da wutar lantarki, ina ruwanmu da jiragen Turawa a samaniya? Ina da amsa uku, kuma ba dole ku yarda da ni duka ba.

Ta farko, wannan ɗabi'a ta ɗaukar aikin wani gwani ka yi gini a cikinsa, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Wurno garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake, kuma zamaninsa zamanin alƙalami ne. Malaman wancan lokaci suna da abin da ake kira tahamisi: ka ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ka ƙara ɗango uku a kan kowane baiti ya zama biyar, ba tare da ka karya karinta ko amsa-amonta ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Ba ina haɗa darajar wannan da wasan kwamfuta ba ne, ko kusa. Dabarar nake nuna muku. Wanda ya yi ƙari a cikin ƙa'idar aikin wani ba ɓarawo ba ne, kuma sau da yawa shi ke sa aikin ya daɗe. Ko a ƙasa-ƙasa ma, yaron da ya ga mota ta wuce ya je ya feƙe kara ya haɗa tasa, da matashin da ke gidan gem yana canza sunayen 'yan ƙwallo ya sa na unguwarsu, duk jini ɗaya ne da masu FRED.

Ta biyu, maganar sabis. Yawancin wasannin da ke tashe a wayoyinmu yanzu, numfashinsu na hannun intanet. In sabis ya ɗauke, sun ɗauke. In kamfani ya kashe na'urarsa ta can, duk abin da ka tara ya bi ruwa. Mutanen gabashin Sakkwato sun san wannan a aikace. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, Rabah da Goronyo na ciki. Mishan na mutum ɗaya ba ya buƙatar kowa. Fayil ɗin mishan na FreeSpace 2 rubutu ne zalla, kana iya buɗe shi da Notepad ka karanta, kana iya ba abokinka a filasha. Wasan da aka ƙera don kwamfutocin 1999 kuma ba ya neman wata babbar na'ura, tsohuwar laftof ta isa, in ba ka ɗora masa sababbin hotuna masu nauyi ba. Abin da ke hannunka shi ne naka.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma sai da na yi tunani kafin in kawo ta. Shin ya dace a yi hirar wasan yaƙi da mutanen da suka san ƙarar bindiga ta gaske? Wanda aka kai wa hari a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa mene ne tsoro. Duk wanda ya ce shi ba ya son ko ganin irin wannan wasa, yana da gaskiyarsa. Abin da zan ce kawai shi ne, ku duba irin mishan ɗin da aka fi tunawa a wannan fanni. Yawancinsu na rakiya ne. Jiragen fararen hula na tafiya a hankali zuwa mafita, ba su da makami, kai ne tsakaninsu da halaka, kuma ba za ka iya ceton kowa ba. A mishan na ƙarshe na FreeSpace 2, zaɓi ake ba ka: ka tsere da ranka kafin tauraruwa ta fashe, ko ka tsaya kana kare na baya har ta cinye ka. Masu Blue Planet kuma sun ɗauki yaƙi tsakanin 'yan Adam da 'yan Adam, suka sa ka a kujerar wata matashiyar matuƙiya, Noemi Laporte, kana kallon yadda yaƙi ke cin hankalin mai yin sa, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Waɗanda suka rubuta wannan, yawancinsu a littafi da fim suka san abin. A cikinku akwai waɗanda suka san yadda zuciya ke bugawa in motar kasuwa ta shiga wani yanki na hanya kowa ya yi shiru. In irinku suka zauna suka rubuta labarin rakiya, ba zai yi kama da na kowa ba.

Kuma muna da kayan labarin a tarihinmu. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, mene ne in ba mishan na rakiya ba? Ga madugu mai yanke shawara, ga jagaba a gaba yana duba hanya, ga zango da dole a kai kafin dare, ga 'yan fashi, ga mai gari da sai an biya shi kafin a wuce. Ka mayar da jakuna jiragen kaya, ka sa wa babban jirgi suna Rima, ka ce albasa da tafarnuwar Wurno ya ɗauko zai kai wata duniya da yunwa ta kama. Idan jirgin jagaba ya faɗi, to ayari ya ɓata hanya. Idan ka bi ɓarayi ka yi nisa, to wasu su ɓullo ta baya. FRED na karɓar rubutun da ka sa masa, yana kuma karɓar muryar da ka naɗa. Ba abin da zai hana kwamanda ya yi bayani da Sakkwatanci.

Kada in yi muku daɗin baki, akwai shinge. Abin na kwamfuta ne, ba na waya ba. Yawancin jerin mishan ɗin masoya sai kana da asalin FreeSpace 2, wanda ake sayarwa a shagon GOG tun 2008, daga baya kuma a Steam, ko da yake Diaspora da Wing Commander Saga ba sa buƙatarsa. Akwai manhaja mai suna Knossos da ke sauƙaƙa saukewa da girkawa, amma saukewar farko na cin data. Bayanan koyo da Turanci suke. Sannan ba sana'a ba ce kai tsaye, don sharaɗin 2002 ya hana sayarwa, kuma duk wanda ya yi gini a duniyar Star Wars ko makamanciyarta, a filin aro yake, mai fili na iya tashinsa. Ribar da ke ciki ita ce abin da zai zauna a kanka. Wanda ya iya "idan kaza, to kaza" har ya hango inda ɗan wasa zai karya masa tsari, ya riga ya taka matakin farko na rubuta manhaja, ya kuma koyi gina labari.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, wasannin samaniya da yawa sun fito a shekarun 1990, wasu an kashe musu miliyoyin daloli, yau sai a hotuna ake tuna su. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda 'yan wasa suka samu hanyar shiga cikinsu, ko an buɗe musu ƙofa kamar FreeSpace, ko sun haƙa da farce kamar TIE Fighter. Volition ya yi shekaru yana fitar da manyan wasanni irin su Red Faction da Saints Row, amma da aka rufe shi, wasan da bai yi kasuwa ba a 1999 na cikin waɗanda aka bari da masu kula da su.

A nan za mu dakata. Tambayata gare ku: da a ce an ba ka fili baƙi da jirage biyar, wane labari za ka fara ƙerawa, kuma wane suna za ka sa wa jirgin madugu? Ku rubuta a ƙasa, zan karanta waɗanda suka fi jan hankali a shiri na gaba. Wanda kuma ya san wani a Wurno, Rabah ko Goronyo da ke taɓa irin wannan aiki, ko da canza rigunan 'yan ƙwallo ne a gem, ya tura masa wannan rubutu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankunanmu. Sai mun sake haɗuwa.